Makullai Biyar

Ranar jajiberi gidan hayarmu ya watse.
Tun asuba ake jan akwati a kan siminti,
mai Gusau, mai Funtuwa, mai Kafancan,
kowa ya biyo ta ƙofata
ya bar mini makulli da wasiyya.

Malam Tasi'u ya ce tantabarunsa,
dawa na bayan ƙofa, gwangwani guda kowace safiya.
Barira ta ce in Nepa ta kawo da hauka
in zare mata firij, kada a maimaita na bara.
Istifanus ba sallarsa ba ce, hutun ya tsinta,
ya bar mini barkono biyu a tsohon bokitin fenti:
ba su ruwa ko an yi sama, inji shi, kwano na tare musu.
Ta ɗaki na huɗu ba ta ce komai ba,
ta miƙo, ta gyara jaka, ta wuce.
Na biyar nawa ne.

Ni kuɗin motar Mubi ya fi ƙarfin albashi.
Sau uku na ƙirga, bai ji kunyata ba.

Na dawo daga Idi da laka a ƙafar wando,
shaddar bara ce, guga ta rufa mata asiri.
Na tambayi madubi ko ta yi,
shi ma tsagagge, rabin fuskata ya amsa.

Badarawa duk ta ɗauki ƙamshin suya,
ni kuwa taliya na ɗora, da albasa rabi.
Can sai ga sallama.
Wata yarinya daga gidan baya, lalle har gwiwar hannu,
ta miƙo nama a baƙar leda,
wai an ce a ba masu haya.
Na ce ni ne masu haya.
Ta leƙa tsakar gida, ta kalle ni, ta ruga da dariya.

Inna ta kira bayan azahar.
Ka ci abinci? Na ci.
Ka ci abinci? Layin ne yake yankewa.
A bayanta ina jin turmi, da kukan ɗan Dije,
da wani yana neman wuƙa da ƙarfi.
Na riƙe wayar a kunne har bayan ta mutu.

Amma bari in faɗi gaskiya, tunda ba kowa:
na yi wanka ba wanda ya buga ƙyauren banɗaki.
Famfo ya zo, ba layi, na cika har butar alwala.
Na shimfiɗa tabarma a tsakiyar gida
inda kullum babur ɗin wani ke kwana,
na miƙe ƙafa kamar ni na gina.

Da la'asar na taka har gada.
Kogin Kaduna ya cika, ruwansa shayi mai madara,
yana jan reshe, da silifa ɗaya, da robar lemo,
ba ya tsayawa barka da Sallah da kowa.
Mun ɗan fahimci juna.

Hadari ya taso ta wajen Kawo, na sa sauri.
A igiya na tarar da abin da ba a ba ni amana ba,
mayafi ruwan zuma, na ta ɗaki na huɗu,
iska tana ta dukansa.
Na cire kafin ɗigon farko.
Makullinta na aljihuna, ya yi nauyi.
Ban buɗe ba.
Na ninke shi huɗu, na ɗora a kan kujerata,
ni na zauna a ƙasa.

Ruwa ya kwana yana kiɗa a kwano.
Da safe na zuba dawa, na duba barkono,
na tarar tantabara ɗaya ta yi ƙwai.
Saura kwana uku su dawo.
Ina da labari guda na Malam Tasi'u,
da wani da ban san yadda zan fara ba.